Sammore, Tsando da Kwamfuta: Tarihin Tarukan Masana Kan Cutar Shanun Ƙasar Kontagora

Ilimin da ake kira bayo'infomatiks, wato amfani da kwamfuta da lissafi wajen karanta bayanan gadon da ke cikin jikin kowace halitta, ya shigo arewacin Nijeriya ne ta hanyar binciken cututtuka, kuma cikin cututtukan da suka jawo shi sammore na daga waɗanda masana suka fi daɗewa suna taro a kansu. Sammore cuta ce ta dabbobi, musamman shanu, wadda wata ƙwaya mai suna tirifanosoma ke haddasawa idan ta shiga jini, kuma ƙudan tsando ne ke ɗaukar ta daga wannan dabba zuwa waccan. Wata 'yar'uwar wannan ƙwaya ce ke kawo wa mutane ciwon barci. Makiyayi ba ya bukatar likita kafin ya gane ta, domin saniyar da ta kamu takan yi ta ramewa ko da ciyawa ta wadata, gashinta ya tashi, idanunta su riƙa zubar da hawaye, kaluluwarta ta kumbura, nono ya ragu, mai ciki kuma ta yi ɓari.

Ƙasar Kontagora tana tsakanin filayen arewa masu ƙarancin itatuwa da kwarin kogin Kwara mai duhuwa, kuma ta cikinta babbar hanya ta ratsa daga Sakkwato da Yawuri zuwa Mokwa, Jebba da Ilorin. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa garin a wajajen 1864, ya rasu a 1876. Yaƙe-yaƙe da hare-haren kama bayi da aka yi a zamaninsa da zamanin ɗansa Ibrahim sun watsa ƙauyukan Gwarawa, Kambari, Kamuku da Dukkawa, wasu suka hau duwatsu, wasu suka yi nisa, ta yadda lokacin da sojojin Ingila suka ci garin a watan Janairu na 1901 sun tarar da ƙasa mai faɗi amma mutanenta kaɗan. Wannan yana da alaƙa ta kai tsaye da sammore, kamar yadda masanin tsando John Ford ya bayyana a littafinsa na 1971 game da Afirka baki ɗaya: inda aka bar gonaki, daji yakan dawo, inda daji ya dawo namun daji irin su gadu, mazo da ɓauna sukan yawaita, kuma jinin waɗannan shi ne abincin tsando, su ne kuma ma'ajiyar ƙwayar cutar, domin suna ɗauke da ita ba ta kayar da su.

Tsando kansa iri-iri ne, kuma bambancin yana da muhimmanci ga makiyayi. Akwai na kurmi, wanda masana ke kira palpalis da tachinoides, da ke zama a inuwar itatuwan bakin rafi yana jiran duk wanda ya zo shan ruwa, akwai kuma na fili, wato morsitans, wanda ke yawo cikin dajin itatuwa yana bin garke, kuma shi ne ya fi yi wa shanu ɓarna. Bunaji, Rahaji da Bokolo, wato shanun arewa masu tozo, ba su da juriyar cutar, saɓanin Muturu da Keteku na ƙasar Borgu da kudu, waɗanda ƙanana ne amma suna iya rayuwa cikin ƙuda. Saboda haka Fulani sukan gangaro kudu da rani, lokacin da ƙuda ya ja baya zuwa bakin ruwa, su koma arewa da faɗuwar damina, fataken shanu kuwa da ke kora dabbobi a ƙafa zuwa kasuwannin ƙasar Yarbawa sun san cewa kowane kwana a burtalin da ya ratsa wannan yanki yana rage musu nama da kuɗi.

Gwamnatin mulkin mallaka ta damu da lamarin saboda dalilai biyu da ba a ɓoye ba, wato jangalin da ake karɓa a kan kowace saniya da kuma ciwon barcin da ke kashe masu biyan haraji. A shekarun 1920 aka kafa sansanin binciken tsando a Sherifuri, daga baya aka mayar da shi Gadau, a ƙasar Katagum, sannan daga 1937 aka fara aikin Anchau a lardin Zazzau, inda aka sare kurmin bakin rafuka, aka tattara mutane a sababbin matsugunai, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya, kuma masanin ƙwari T. A. M. Nash na cikin jagororin aikin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa cibiyar binciken sammore da ciwon barci ta Afirka ta Yamma, mai rassa a Kaduna da Vom, wadda ta zama mallakar Nijeriya a 1964 da sunan NITR. Tsando bai san iyakar Ingila da Faransa ba, don haka ƙasashen da ke mulkin Afirka suka yi taro a Brazabil a 1948, wanda ya haifar da kwamitin masana na ƙasa da ƙasa a 1949, kwamitin da a yau ake kira ISCTRC. Wannan shi ne tushen al'adar taro kan sammore, kuma tun daga lokacin ake zagayawa da shi daga ƙasa zuwa ƙasa, galibi bayan kowace shekara 2. Ya zauna a Jos a 1960, ya zauna a Legas a 1971 bayan ya koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya kuma zauna a Abuja a watan Satumba na 2019 don zamansa na 35.

Abin da ake kawowa waɗannan tarukan na farko aikin ƙafa ne da ido. Ana kawo taswirar inda ƙuda ya mamaye, da adadin ƙudan da aka kama a kowane zagaye, da sakamakon duba jini, da rahoton gwajin magani. Adadin ƙudan nan kuwa ma'aikata 'yan ƙasa ne ke samar da shi, waɗanda ke bin tsayayyar hanya cikin daji da ƙaramar koma a hannu, su tsaya a wuraren da aka sa wa alama, su kama duk ƙudan da ya sauka a jikinsu, su bambance namiji da mace, a rubuta. Da wuya a ga sunan ɗaya daga cikinsu a takardun da aka karanta a Landan ko Jos, alhali kuwa a kan cizon da suka sha aka gina taswirorin. Duba jini shi ma yana da tsarinsa: a tsaga jijiyar kunnen saniya, a ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a shafe shi ya yi siriri, a busar, a rina, sannan a sa a madubin likita, wato na'urar da ke girmama abin da ido ba ya gani, a nemi ƙwayar tsakanin ƙwayoyin jini. Gwani yakan gane irin ƙwayar daga tsawonta, da kuma motsinta idan ɗanyen jini aka duba, domin wadda ake kira vivax takan ratsa fagen madubin da gudu, congolense kuwa takan tsaya wuri ɗaya tana mutsu-mutsu. Daga wannan zamani ne magungunan da makiyaya suka sani suka fito, Berenil a tsakiyar shekarun 1950 da Samorin a farkon shekarun 1960, kuma a cikinsa ne aka yi gagarumin feshin DDT da dieldrin wanda tsakanin 1955 da 1978 ya kori ƙuda daga fili mai kusan murabba'in kilomita 200,000, mafi yawansa a arewa maso gabas, inda rani ke da tsawo kuma ƙuda ke taruwa a wurare kaɗan. A yankuna masu laima irin na Kontagora da Mokwa aikin ya fi wuya, saboda ƙuda yana warwatse cikin daji kuma yana saurin dawowa.

Madubin likita yana da iyaka. Idan ƙwayar ta yi kaɗan a jini, kamar yadda takan yi a dabbar da ta daɗe da cutar, ba ya ganin ta, kuma ba ya iya bambance ƙwayar brucei da ke kama dabbobi kawai daga wadda ke kama mutum, domin kamanninsu ɗaya. Ƙwayar vivax, wadda ita ce ta fi addabar shanun Afirka ta Yamma, ta ƙara da wata matsala, wato ba ta yarda ta rayu a jikin ɓerayen gwaji, don haka duk mai son nazarinta sai ya tanadi maruƙa ko awaki, abin da ke da tsada. A shekarun 1970 wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Holan mai suna Leeflang, da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka sami wata vivax a jinin saniya a Yakawada, kusa da Zariya, wadda ta saɓa wa danginta ta rayu a jikin ɓera, aka sa mata lamba Y486. Wannan hali ya sa aka riƙa daskarar da ita ana aikawa da ita ɗakunan bincike, har ta kai cibiyar ILRAD ta Nairobi da jami'o'in Turai, kuma da zamanin karanta bayanan gado ya zo, ita aka zaɓa ta wakilci vivax ta duniya duka.

Kafin a kai ga haka sai da wani ilimi dabam ya girma a wani wuri. Bayanan gado na kowace halitta suna rubuce a cikin sinadarin DNA da tubala huɗu da ake yi wa laƙabi da A, C, G da T, kuma jimillar wannan rubutu a halitta guda shi ne kundin gadonta, wanda ya ƙunshi dubban ƙwayoyin gado, kowace tana ba da umarnin ƙera wani furotin. Frederick Sanger ya fito da hanyar karanta jerin tubalan a 1977, aka buɗe rumbun ajiyarsu na GenBank a Amurka a 1982, sannan a 1990 aka fito da manhajar BLAST, wadda ke ɗaukar ɗan guntun jeri ta nemo masu kama da shi cikin miliyoyi. Na'urar karatu ba ta iya karanta kundi daga farko zuwa ƙarshe, gutsattsari take fitarwa, kuma haɗa su wuri guda, da gano inda kowace ƙwayar gado ta fara da inda ta ƙare, aiki ne na masu lissafi da masu tsara manhaja. Waɗannan mutane ba su da mazauni a tarukan likitoci, ba su da shi a tarukan injiniyoyin kwamfuta, shi ya sa suka kafa nasu: taron ISMB ya fara a Bethesda a 1993, taron RECOMB ya biyo baya a Santa Fe a 1997 bisa jagorancin Sorin Istrail, Pavel Pevzner da Michael Waterman, kuma a shekarar ce aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, ISCB. Sun ɗauko wata al'ada daga masana kwamfuta, wato a tura cikakkiyar takarda a tantance ta kafin taro, ta yadda karɓuwarta a taron kanta daraja ce kamar bugawa a mujalla. A shekaru 30 na farkonsa taron ISMB ya je Turai, Kanada, Ostireliya da Barazil, amma bai zauna a Afirka ba, kuma kuɗin jirgi, kuɗin rajista da wahalar biza sun isa su hana malamin jami'a daga Zariya ko Minna halarta.

Amfanin sabon ilimin ga sammore ya bayyana a 2005, lokacin da mujallar Science ta buga kundin gadon brucei, mai tubala kusan miliyan 26 da ƙwayoyin gado kusan 9,000, sannan a 2012 masana cibiyar Sanger ta Ingila suka buga kwatancen kundin brucei da na congolense da na vivax ta Yakawada. Babbar tambayar da aka daɗe ana yi ita ce dalilin da ya sa jikin saniya ba ya koyon kashe ƙwayar, da kuma dalilin da ya sa aka kasa yin allurar rigakafinta kamar yadda aka yi wa ciwon bushiya. Tun 1975 George Cross ya nuna cewa furotin iri ɗaya ne ke lulluɓe ƙwayar gaba ɗaya, kuma takan sauya shi kamar mai sauya riga, ta yadda kafin garkuwar jiki ta gama shirin kama mai farar riga, wasu sun riga sun fito da baƙa. Kwamfuta ce ta ƙirga abin da ke cikin adakar rigunan nan, ta nuna cewa brucei tana da ƙwayoyin gadon wannan furotin fiye da 1,000, da yawansu guntaye ne da take harhaɗawa ta fitar da sabo, ta kuma nuna cewa vivax ba ta yawan yin wannan harhaɗawa, abin da ke nufin nata sauyin yana da iyaka. Shi ma tsando an karanta kundinsa, bayan wata haɗaka da aka ƙulla a 2004 da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana fiye da 140, ciki har da 'yan Afirka da dama da aka horar a tarukan aikin, aka buga sakamakon a 2014, mai tubala miliyan 366. A ciki aka ga ƙwayoyin gadon da ke ƙera nonon da macen tsando ke shayar da ɗanta a cikin ciki, domin ita ba ta yin ƙwai a waje, tsutsa guda take haifa a lokaci ɗaya. Sai dai ƙudan da aka karanta asalinsa na Zimbabuwe ne, ɗan'uwa ne kawai ga morsitans na dajin Nijeriya, kuma sai a 2019 aka buga kundin palpalis tare da wasu.

Masana Afirka sun ga cewa jiran gayyata ba zai fisshe su ba, sai suka kafa ƙungiyarsu ta ASBCB a birnin Cape Town a 2004, suka yi taro a Nairobi a 2007, sannan suka haɗa gwiwa da ISCB suka yi taron Bamako a 2009, wanda aka keɓe shi ga cututtuka masu yaɗuwa. Daga nan taron ya zagaya Cape Town a 2011, Kasabalanka a 2013, Darussalam a 2015, Entebbe a 2017 da Kumasi a 2019. Abin da ya bambanta shi da na Turai shi ne kwanakin horo da ake haɗawa da shi, inda ɗalibi zai zauna gaban kwamfuta a koya masa yadda ake tace bayanai da yadda ake zana bishiyar dangantaka tsakanin ƙwayoyin cuta, kuma ana iya cewa wannan horo ya fi jawaban da ake yi a babban zaure tasiri. Shirin H3ABioNet, wanda ya fara a 2012 ƙarƙashin jagorancin Nicola Mulder ta Jami'ar Cape Town, ya ƙarfafa wannan da kwasa-kwasan intanet da ake bi a ajujuwa a ƙasashe da yawa lokaci guda, kuma ya kasance da rassa a Nijeriya, ciki har da Jami'ar Covenant ta Ota da hukumar NABDA ta Abuja. A watan Yuni na 2019 ƙungiyar NBGN, wadda Segun Fatumo ya jagoranci kafawa, ta shirya taron bayo'infomatiks na Nijeriya na farko a cibiyar NIMR da ke Yaba a Legas, watanni kaɗan kafin tsohon kwamitin 1949 ya zauna a Abuja, ta yadda a shekara guda ƙasar ta karɓi zuriyar masu taswira da zuriyar masu kwamfuta, kowace a zaurenta.

A arewa, mutumin da ya fi kowa haɗa waɗannan ɓangarori biyu shi ne Farfesa Andrew Jonathan Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya yi nazarin wani sinadari mai suna siyalides da ƙwayar sammore ke fitarwa, wanda ke kankare wani ɓangare na fatar jajayen ƙwayoyin jini har jiki ya ɗauke su a matsayin baƙi ya hallaka su, kuma wannan na cikin dalilan ƙarancin jinin da ke ramar da saniya. Ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin NLNG a 2009, ya jagoranci kafa cibiyar nazarin cututtukan da aka yi sakaci da su a Zariya da tallafin Bankin Duniya, ya rasu a 2017. Haɗin gwiwar Zariya da NITR da Jami'ar Bremen ta Jamus ne ya kai binciken gadon ƙwayar sammore maƙwabtan Kontagora, lokacin da aka ɗana tarkuna a Gandun Dajin Kainji, wanda sashensa na Zugurma yake kudu maso yammacin garin, tare da Yankari da wasu gandaye. Tarkon na yadi ne shuɗi da baƙi, domin shuɗi yana jawo tsando daga nesa, baƙi kuma yana sa ya sauka, kuma ƙudan da ya shiga akan feɗe shi a ciro hanjinsa da bakinsa, a adana, a kai ɗakin bincike a tatsi DNA, a ninka wani ɗan yanki nata ta hanyar da ake kira PCR, a karanta jerin, a kwatanta da abin da ke rumbun duniya. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa ƙudan gandayen yana ɗauke da ire-iren tirifanosoma fiye da waɗanda madubin likita ya saba nunawa, har da waɗanda ba su dace sosai da kowane sanannen suna ba. A daidai wannan lokaci wani masani ɗan Nijeriya, Abdulfatai Tijjani, da abokan aikinsa suka buga nazarin kundin gadon Muturu a 2019, suna neman wuraren da juriyarta ta samo asali.

Idan aka auna abin da ya canza a daji da ruga, gaskiya ita ce gatari da garma sun fi kowane taro korar tsandon fili daga ƙasar Kontagora. Yawan jama'a ya ƙaru, manoma daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sun gangaro neman ƙasa mai albarka, an sare daji an shuka masara, dawa da wake, namun daji sun ƙare, morsitans kuma ya koma gandayen gwamnati, abin da David Bourn da abokan aikinsa suka nuna ya faru a sassa da yawa na Nijeriya. Cutar dai ba ta tafi ba, domin tsandon kurmi yana nan a bakin rafuka, kuma vivax tana iya bin bakin wasu ƙudaje masu shan jini daga saniya zuwa saniya, hanyar da ta bi ta zauna a Kudancin Amurka inda babu tsando ko ɗaya. A kasuwar shanu ta Mariga da makamantanta makiyayi yana sayen ƙunshin garin magani, ya dama da ruwa, ya kimanta nauyin saniya da ido, ya yi mata allura da kansa, kuma maganin da yake saye shi ne dai wanda aka fito da shi shekaru fiye da 60 da suka wuce. Ƙarancin awo da jabun magani suna koya wa ƙwayar jure masa, matsalar da aka fara ba da rahotonta a arewacin Nijeriya tun shekarun 1960.

A 2021 mujallar Nature ta buga aikin masana cibiyar Sanger, waɗanda suka tace kundin Y486 da kwamfuta suka zaɓo furotin na fatar ƙwayar da ba sa sauyawa, suka gwada su ɗaya bayan ɗaya, har suka sami wanda suka kira IFX, wanda ya kare ɓeraye daga kamuwa. Kare ɓera da kare Bunaji a dajin Mashegu abubuwa biyu ne, kuma har yanzu babu allurar rigakafin sammore a kasuwa. Y486 kanta ƙwaya ce guda daga saniya guda, ta kuma shafe shekaru tana wucewa ta jikin ɓeraye, don haka sanin ko vivax da ke yawo a Mariga, Rijau da Magama a yau tana ɗauke da wannan furotin a siffa ɗaya, da sanin waɗanne sauye-sauye ne ke sa ta jure wa Berenil, yana bukatar sabon jini daga garkunan yankin. Kuɗin karanta kundi ya faɗi ƙwarai, akwai kuma matasa a Zariya, Kaduna da Minna da suka iya sarrafa bayanan, amma ɗibar jinin tana bukatar mota, ƙanƙara, wutar lantarki mai ɗorewa da yardar makiyayi, kuma rashin tsaron da ya addabi dazuzzukan Mariga da Gandun Kainji a 'yan shekarun nan ya sa shiga wuraren da tarko da sirinji ya zama kasada ga ma'aikatan dabbobi.